Mai gyaran kwamfutar da ya ƙi yi mana fomat, ra'ayina kan wani shago a Ahmadu Bello Way

Duk wanda ya taɓa kai kwamfuta gyara a garin nan na Jos ya san amsa ɗaya ce ake ba kowa, wato fomat, a goge komai a sake zuba Windows. Sauti ya ɗauke, fomat. Tana nauyi, fomat. Ko maus ne ya ƙi motsi wani sai ya kalle ka ya ce ai Windows ɗin ne ya lalace sai an zuba sabo. Shi ya sa na ga ya kamata na yi rubutu a kan wani bawan Allah mai ɗan shago a hawa na biyu a ɗaya daga cikin benayen Ahmadu Bello Way, ɓangaren da ya fi kusa da Taminus, don shi ne na farko da na kai wa aiki ya ce min dakata tukuna mu ga abin da ke damunta. Ba zan kama sunansa ko na shagon ba saboda akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba kuma zan faɗe su yadda suke, ba na so ya zama kamar na zo ɓata wa mutum kasuwa ne.

Kwamfutar ta shagon kawuna ce, ɗan bizines senta ne a Angwan Rogo ba nisa da jami'a ta titin Bauchi, muna taifin da firintin da fotokwafi da duba sakamakon WAEC da NECO da irin su. Dell OptiPlex ce tokumbo, Core i5 ƙarni na 4, RAM 8GB, Windows 10 ne a kanta. Kuma ba ta mutum ɗaya ba ce, ni ina amfani da ita, ƙanwata da ke mana taifin tana amfani da ita, yaron shagon ma haka, ga ɗalibai da ke zuwa kowa da fulash ɗinsa a aljihu, wani ma bai iya jira ba sai ka juya baya ka ga ya zauna da kansa yana gyara furojet ɗinsa. Akawun ɗaya tal kowa ke shiga, babu fasawod, kuma na admin ne, wato mai ikon saka ko cire komai a kwamfutar. Haka muka same ta kuma haka yawancin shagunan layinmu suke, ba mu kaɗai ba ne.

Matsalar ita ce File Explorer, wato wannan abin mai hoton folda ruwan ɗorawa da ake buɗe fayil da shi. Kana cikin aiki ka danna dama a kan fayil don ka kwafa ko ka canza masa suna, sai maus ya fara juyi, skirin ya yi ƙyaf, layin ƙasa da duk gumakan kan fuska su ɓace, bayan ɗan lokaci su dawo amma duk foldojin da ka buɗe sun rufe. Idan kana kwafar abu zuwa fulash ɗin kwastoma a lokacin to ya tsaya kenan a rabi, ka sake daga farko, kwastoma na tsaye a kanka yana duba agogo yana cewa lakca zai shiga. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne Word bai rufe ba, Chrome bai rufe ba, su suna nan lafiya lau. Sannan akwai wata folda guda da muke tara bidiyon biki da na walimar yaye ɗalibai, ita ko danna dama ba sai ka yi ba, kana buɗe ta kawai komai zai watse.

An taɓa yi mata fomat a wani wajen daban a kan wannan matsalar. Mai gyaran ya ce ya kwashe komai, ashe abin da ke kan fuska da Documents kawai ya kwasa, wata folda da ƙanwata ta ajiye taifin ɗin mutane a cikin C, ɓangaren dis ɗin da fomat ke gogewa, ta tafi, muka sha rigima da ɗalibai har sai da aka sake buga wasu babi-babi kyauta. Kuma abin haushin ba a jima ba matsalar ta dawo yadda take sak. To da wannan tabon na hau benen nan ɗauke da kan kwamfuta a kafaɗa, na riga na shirya faɗa idan na ji kalmar fomat.

Malamin dattijo ne-dattijo ne, ba mai fara'a ba ne sam, ko sallamata da ƙyar ya amsa ido na kan wata laftof. Amma da ya juyo kaina bai taɓa sukurdireba ba, tambayoyi ya fara jero min. Wa da wa ke amfani da ita, a daidai wane lokaci take yi, tana yi a kan kowane fayil ne ko wasu, me aka saka mata kafin ta fara, bayan fomat ɗin wa ya mayar da manhajojin. Na ce masa Malam ni dai ba na son fomat. Ya ce ƙanena ai ko kana so ba zan yi ba, wannan kamar a rushe ɗaki ne don kwan fitila ya mutu, kuma tunda an yi ta dawo ai ta gaya maka da bakinta ba can matsalar take ba.

Bayanin da ya min na farko shi ne ya warware min abin da ya daɗe yana ɗaure min kai. Ya ce wannan File Explorer ɗin sunansa na ainihi explorer.exe, kuma ba folda kaɗai yake buɗewa ba, shi ne ke riƙe da layin ƙasa da gumakan kan fuska, shi ya sa idan ya faɗi duk suke ɓacewa tare, Windows ya sake tayar da shi da kansa sai ka ga sun dawo. Word da Chrome kuwa kowanne zaman kansa yake. Ya nuna min idan wata rana ya ɓace bai dawo ba ba sai na kashe kwamfutar ta maɓalli ba, na danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai fito, na nemi Windows Explorer a jerin na danna Restart, in kuma babu shi a jerin na je File na zaɓi Run new task na rubuta explorer.exe. Mu da kullum wayar wuta muke zarewa, ya ce wannan ɗabi'ar ma kaɗai ta isa ta lalata had dis.

Daga nan ya buɗe wani abu da wallahi duk shekarun da na yi ina zama gaban kwamfuta ban san yana ciki ba. A wajen bincike na Start ya rubuta reliability, ya danna View reliability history, sai ga wani jadawali na ranaku, duk ranar da wani abu ya faɗi akwai jan da'ira mai alamar X. Namu ja ne jere reras. Ya danna ɗaya, aka rubuta Windows Explorer ya daina aiki, ya shiga cikakken bayanin, ya sa yatsa a kan layin da ke faɗin sunan ɗan fayil ɗin da ya jawo faɗuwar, wani mai ƙarewa da dll. Ya ce ka gani, wannan ba na Windows ba ne, baƙo ne. Ya sake tabbatarwa a Event Viewer, ƙarƙashin Windows Logs sai Application, kuskure mai lamba 1000, nan ma sunan ɗaya ne yake ta maimaituwa. Ni a nan na fara sakin jiki da shi, don mutumin da ke nuna maka hujja a skirin daban yake da wanda zai ce ka je ka dawo gobe.

Kafin ya ci gaba sai ya ƙirƙiri sabon akawun na gwaji ya shiga da shi ya danna dama a kan fayil, nan ma ta faɗi. Ya ce da a ce a sabon akawun ba ta yi ba to da matsalar tana cikin saitin tsohon akawun ɗin ne kawai, sai a buɗe sabo a kwaso fayiloli a huta, amma tunda ta bi mu har nan to abin an dasa shi ne wa kwamfutar gaba ɗaya. Wannan gwajin bai ci komai ba amma ya raba hanya biyu, kuma duk mai kwamfutar da jama'a ke rabawa zai iya yinsa da kansa kafin ya ɗauki kaya ya nufi kasuwa.

Abin da ya gano shi ne, manhajoji da yawa idan ka saka su suna cusa nasu zaɓin a cikin jerin nan da ke fitowa idan ka danna dama, na matse fayil, na juya takarda zuwa PDF, na duba bairos, na tura abu waya, kowanne ya maƙala nasa. To waɗannan ƙananan abubuwan a cikin jikin explorer.exe suke gudu, idan ɗaya ya yi tuntuɓe sai ya ja shi su faɗi tare. Ya ciro wata 'yar manhaja daga fulash ɗinsa mai suna ShellExView ta NirSoft, kyauta ce ko sakawa ba a yi, buɗewa kawai ake. Ta jero su duka, waɗanda ba na Microsoft ba ta shafa musu kalar hoda, ya ɓoye na Microsoft ɗin ya kashe sauran baki ɗaya ya sake tayar da Explorer, ya ce danna dama mu gani. Na danna, shiru, lafiya lau. Na sake a kan wani fayil, na sake a kan wani, ko gezau. Sai ya kunna rabinsu ya gwada, ya sake raba rabin da ya kawo matsala gida biyu, a haka a haka har ya rage saura ɗaya, kuma sunan ya yi daidai da wanda muka gani a jadawalin can.

Wata manhajar juya PDF ce ta sata, irin wadda ake cewa kirak. Yaron shagonmu ne ya samo ta wajen abokinsa, yana ajiye da ita a fulash, kuma bayan fomat ɗin farko shi ne ya sake zuba ta da hannunsa saboda yana ganin taimako yake yi, ɗalibai na yawan zuwa a juya musu takarda. Kun ga dalilin da ya sa fomat bai yi amfani ba kenan. Ko sau goma za a wanke kwamfutar, muddin hannun da ke mayar da abin yana nan kuma akawun ɗin na admin ne a buɗe, to kuɗi kawai ake zubarwa. Malamin ya cire ta, ya nuna mana ai Word kansa yana ajiye takarda a PDF ta Save As, kuma Windows 10 na da Microsoft Print to PDF a cikin jerin firinta, wato abin da aka jawo mana bala'i a kansa dama muna da shi a gida kyauta.

Foldar bidiyo kuma tata matsalar daban ce, wannan ma ya burge ni don bai haɗa su ya ce duk abu ɗaya ne ba. Ya ce idan ka buɗe folda mai hotuna ko bidiyo Explorer na ƙoƙarin leƙa cikin kowane fayil ya ciro ɗan ƙaramin hoton da zai nuna maka, to idan akwai fayil da ya lalace ga kuma tarkacen kodek, wato ƙananan manhajojin karanta bidiyo, da aka zuzzuba don kallon fim, wajen leƙawar ne yake faɗuwa. Ya shiga saitin folda, shafin View, ya sa alama a Always show icons, never thumbnails, sai foldar ta buɗe salin-alin. Muka bi fayilolin muka samu wani bidiyon biki da girmansa bai kai ko rabin na 'yan uwansa ba, da alama wuta aka ɗauke ana cikin kwafarsa. Ya goge shi, ya cire tarin kodek ɗin ya ce VLC kaɗai ya ishe mu tunda shi da nasa yake zuwa, ya share tsofaffin ƙananan hotunan ta Disk Cleanup, sannan ya mayar da saitin yadda yake don ƙanwata ba za ta iya aikin fasfo ba in ba ta ganin fuskokin mutane. Ya kuma cire wata folda da aka maƙala a Quick access wato jerin foldojin da ke gefen Explorer, wadda ke nuni zuwa laftof ɗin kawu da aka daɗe da sayarwa, ita ce ke sa Explorer ya tsaya yana lalube idan an buɗe shi, ya saita shi ya dinga buɗewa a This PC.

Sauran aikin na ƙa'ida ne. Ya buɗe baƙin allon nan na umarni a matsayin admin ya rubuta DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth, da ya gama ya bi da sfc /scannow, wanda ya ce ya samu wasu fayilolin Windows da suka lalace ya gyara su. Ya tarar an kashe Windows Defender, wato mai tsaron bairos na Windows, ashe cikin umarnin saka manhajar satar har da cewa a kashe shi tukuna, yaron ya kashe bai sake kunnawa ba. Da aka kunna ya yi bincike sai ga bairos ɗin nan na shotkot da kowane mai bizines senta ya sani, wanda ke ɓoye fayilolin fulash ya bar maka gumaka masu 'yar kibiya. Fulash ɗin shagon ma yana ɗauke da shi, wato mu ne ma muke raba wa ɗalibai ba mu sani ba. Ya wanke shi ya dawo da fayilolin da umarnin attrib, ya rubuta min shi a bayan wata takarda, attrib -h -r -s /s /d sai harafin fulash ɗin, ya ce fayilolin ba gogewa suke ba ɓoye su ake yi, kar na bari kwastoma ya yi ta kuka a banza.

Yanzu bari na zo kan abin da ban so ba, don ba duka ne zuma ba.

Na farko jira. Shagon ƙarami ne ainun, benci ɗaya ne kuma rabinsa tsofaffin firinta ne a kai, idan kun kai mutum uku to ɗaya a baranda zai tsaya, ga sanyin Jos da safe kun san shi ba sai na faɗa ba. Malamin ba ya bin layi yadda ya kamata, idan wani da ya sani ya shigo da laftof sai ya ajiye naka ya duba nasa, kai kuma ka zauna kana kallon silin. Aikin da a ƙiyasina bai fi na awa biyu ba sai da ya cinye min yini, shago a can babu kwamfuta, ƙanwata sai kira take kwastomomi na komawa. Ba shi da janareta nasa kuma ba shi da inbata, na benen ake jira a tayar, da aka ɗauke wuta haka muka zauna zugum. Mai gyaran kwamfuta da ke yi wa mutane wa'azin UPS, batirin nan da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta, amma shi babu a teburinsa, na so na faɗa masa amma na ga fuskar ba ta wasa ba ce.

Na biyu data. Shi DISM ɗin nan yana buƙatar intanet don daga wajen Microsoft yake jawo fayilolin da zai gyara da su, ga kuma sabunta Defender. Malamin ko a jikinsa ya ce kunna hotspot ɗinka, bai gaya min tun farko ba, ni kuma datar da na saya ta wata ce, kafin mu tashi ta yi ƙasa sosai. Ba wai kuɗin ne ya dame ni ba, a ce dai shago irin wannan yana da nasa intanet ɗin ko a faɗa wa mutum tun kafin a fara ya san da shi.

Na uku shi ne ya fi ɓata min rai. Da Malamin ya sauka sallar azahar ni ma na bi shi, na riga shi dawowa sai na tarar da yaronsa mai koyon aiki ya buɗe foldar hotunan kwastomominmu yana ta wucewa ɗaya bayan ɗaya, wai yana gwadawa ne ko za ta faɗi. Kwamfutar bizines senta fa, akwai fasfo na matan mutane, akwai takardun NIN, akwai sakamakon jarrabawa da takardun asibiti da aka kawo sikanin, amana ce a hannunmu. Na yi masa magana, da ogan ya dawo na faɗa masa, ya yi wa yaron faɗa sosai a gabana kuma ya ba ni haƙuri, na yaba da hakan, amma dai abin ya riga ya faru. Shawarata ga duk wanda zai kai kwamfutar da ke da kayan jama'a, wannan shagon ko wani, kar ka bar ta ka tafi yawo, in za ka fita a kashe ta ko a kulle skirin.

Sannan bakinsa na da kaifi. Da na kira yaron shagonmu a waya don ya faɗi inda ya samo manhajar, Malamin ya karɓi wayar ya wanke shi tas a gaban mutane, har da cewa irinku ne ke kashe wa iyayen gidanku kasuwa. Yaron bai yi da mugunta ba, kuma ni na san yadda zan yi masa magana a gida. Rasit ma babu, da na tambaya sai ya ce in ta sake yi ka dawo da ita ba sai da takarda ba. Na yarda da shi amma kawu mutum ne mai son ganin takarda, sai da na yi ta bayani.

Kuɗin aiki ₦8,000 ya karɓa, ban da na keke zuwa da dawowa. Na nemi ragi ya ce babu, kuma gaskiya ya fi abin da aka karɓa a wajen fomat ɗin can. Amma ko fayil ɗaya ba mu rasa ba, ba a sake saka Office da direban firinta da na sikana ba, wanda duk mai shago ya san wannan kaɗai wahalar yini ce. Har ƙura ya sa yaronsa ya busa mata da bulowa a baranda ba tare da ƙarin kuɗi ba, abin da ya fito daga cikinta na hunturun bara da na bana sai da maƙwabcinsa mai sayar da caja ya fito yana mita.

Inda na fi ganin amfanin kuɗina shi ne tsarin da ya yi mana kafin mu tafi, wanda ban ma roƙe shi ba. Ya raba akawun uku. Na admin mai fasawod ni da kawu kaɗai muka sani, na ma'aikata wanda ƙanwata da yaron ke shiga, da na kwastoma wanda babu komai a cikinsa sai Word da burauza da firinta. Biyun nan na ƙarshe ya mayar da su Standard, ma'ana duk wanda ya zo saka manhajar da za ta taɓa kwamfutar gaba ɗaya sai ta tambaye shi fasawod ɗin admin, kuma kwastoma ba zai iya leƙa Documents ɗin ma'aikata ba. Ya kashe AutoPlay, abin da ke buɗe fulash da kansa da zarar an saka shi, ya ce duk fulash ɗin da aka kawo a danna dama a sa Defender ya duba shi kafin a buɗe. Ya ƙara da cewa taifin ɗin mutane a daina zuba shi ko'ina, a yi folda ɗaya a dinga kwafarta zuwa wani dis na waje duk ƙarshen mako. Da farko yaron ya yi ta ƙunƙuni wai an mayar da shi baƙo a shagon, ɗalibai ma wasu na jin haushin an hana su saka abin da suke so, amma ni dai tun da aka dawo da ita ina leƙa jadawalin nan na reliability lokaci-lokaci kuma ban sake ganin jan X a kan Explorer ba, har lokacin da ake rububin firintin furojet da kwamfutar ba ta hutawa tun safe har dare.

Ya faɗa min gaskiya a kan abu biyu da ba su da daɗin ji. Ya duba had dis ɗin da CrystalDiskInfo ya fito da ruwan ɗorawa an rubuta Caution, wato ya fara samun wuraren da suka lalace, ya ce ba shi ne ya jawo faɗuwar Explorer ba amma kar na yi wasa da shi, na sa SSD, wato sabon nau'in dis mai sauri, tun kafin ya mutu da kayan mutane a ciki. Bai matsa min sai na saya a wajensa ba, kuma gara da bai matsa ba don da na sauko na tambaya a shagunan ƙasa na samu irinsa da ɗan sauƙi. Na biyu Windows 10 ɗin kansa, wanda Microsoft ta daina ba shi sabuntawar tsaro ta kowa da kowa tun 14 ga Oktoba 2025, kuma tamu ba za ta hau Windows 11 ta hanyar da ta dace ba saboda shi yana son wata 'yar na'urar tsaro mai suna TPM 2.0 da firosesa na Intel daga ƙarni na 8 zuwa sama, tamu kuwa na 4 ce. Ya ce akwai masu zagayewa su saka da ƙarfi, shi ma ya iya, amma ba zai ba mai kasuwanci shawarar haka ba, gara mu fara tara kuɗin wata. Abin da bai ambata ba shi ne shirin ESU da Microsoft ta buɗe wa masu Windows 10 na ƙarin sabuntawar tsaro, wanda a lokacin ta ce zai kai 13 ga Oktoba 2026 kuma da akawun ɗin Microsoft ake shiga, wannan a wajen wani abokina da ke aiki a Abuja na ji, kuma ina ganin ya kamata a ce mai gyara ya sanar da kwastoma.

In za ka je, ka je da sassafe kafin 'yan laftof su cika wajen, ka tafi da datarka da fulash ɗin da kuke amfani da shi a shago don shi ma a duba shi, kan kwamfutar kawai za ka ɗauka yana da skirin da kibod da maus. Ka kuma riƙe a kai daidai abin da kake yi lokacin da take faɗuwa don tambayar farko kenan da zai maka, in ka ce masa kawai tana ba da matsala zai kalle ka ne sama da ƙasa. Wanda ke sauri ko wanda ba ya jure magana mai zafi ba zai ji daɗin wajen ba, mai kwamfutar ofis ko makaranta ko shago da mutane da yawa ke taɓawa kuma yake tsoron rasa fayil shi ne zai ci riba. Tauraro huɗu cikin biyar nake ba shi, ɗayan na cire ne saboda yaronsa da hotunan mutane. SSD ɗin a ƙasa zan saya in kawu ya saki kuɗi, amma Malamin zan hau wa da shi ya kwafe tsohon dis ɗin gaba ɗaya zuwa sabon, ya ce in na zo da nawa kuɗin aiki kawai zai karɓa.